Ƙanena ya ce ƙaddararsa ce, ni kuma na rasa ko in yi fushi ko in tausaya

Nura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci kwana uku, na ga gara in kawo ta nan ko Allah zai sa in dace da mai warware min.

Ƙanena ne, ciki ɗaya, shekararsa 24. Shekara huɗu ke nan yana shan ƙwaya. An yi faɗa, an yi lallashi, sau biyu ana kai shi wurin magani, ya dawo ya yi wata biyu ko uku ras da shi, sai kuma a koma 'yar gidan jiya. Ranar Talata ya zare wayar mahaifiyarmu daga ƙarƙashin matashin kai tana cikin sallar asuba, ya je ya sayar. Da na ritsa shi a ɗaki na ɗaga hannu zan wanka masa mari, bai kauce ba, bai ma kare fuskarsa ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kana tsammanin ina so ne? Wallahi ina tafiya wajen mai sayarwar ina kuka. Ƙaddarata ce." Hannuna ya tsaya a sama, na kasa sauke shi a kansa, na juya na fita.

Tun ranar nake saƙa da warwara. In gaskiya ya faɗa, ba shi da yadda zai yi, to fushin da nake yi da shi zalunci ne. In kuwa ƙarya ce, to tausayin da nake ji shi ke ƙara tura shi rami. Don Allah masu ilimi, na addini da na zamani, mutum yana da zaɓi kuwa a abin da yake aikatawa, ko tafiya kawai muke a kan layin da aka shimfiɗa mana?

Ibrahim

Wa alaikumus salam. Allah ya shirye shi, ku kuma ya ba ku haƙuri. Amma shawarata a bar zancen ƙaddara, kogi ne da ya ci waɗanda suka fi mu iya iyo. A dage da addu'a kawai.

Malam Habibu

Ibrahim, Allah ya saka da alheri, amma abin da aka hana shi ne jayayya da zurfafawa ba tare da ilimi ba. Wanda ya zo yana tambaya don gidansu ya kama da wuta, ba za a ce masa ya yi shiru ba.

Nura, tambayarka ta girme mu duka. Tun sahabbai na raye Ma'abad Aljuhani ya fito a Basra yana cewa babu wata ƙaddara da ta gabata, bawa ne ke farar da aikinsa. Bayansa Jahmu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, ya tafi can ɗaya ƙarshen, ya ce jingina aiki ga mutum aron magana ne kawai, kamar ka ce rana ta fito ko ruwa ya gudana. Maganar ƙanenka, ko ya sani ko bai sani ba, ita ce maganar Jahmu. Malaman sunna ba su bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Imam Ash'ari, wanda ya zauna cikin Mu'utazilawa, masu cewa bawa ne ke halittar aikinsa, har ya kai shekara 40 kafin ya bar su, ya rasu a 324 bayan hijira, ya ce Allah ne ke halittar aikin, bawa kuma shi ke tsiwirwirarsa, shi ne abin da ake kira kasbu. Misalin da suke kawowa mai sauƙi ne: hannun mai ciwon makyarkyata yana motsi, naka ma da ka ɗaga don mari ya yi motsi, kuma babu mai hankalin da bai san bambancin biyun ba.

Ka duba kuma abin da Sayyidina Umar ya yi da ya nufi Sham aka ce annoba ta ɓarke. Ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Ya ƙara da misali: in kana da raƙuma ka sauka kwari mai ɓangare biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako, duk inda ka kora su ai da ƙaddarar Allah ka kora su. Shi ya sa malamai suka ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifar da ta riga ta auka wa mutum, ba a kan laifin da yake ci gaba da yi ba.

Sadiƙ

Allah gafarta Malam, na ƙaru. Amma bari in kawo wani abu da ya daɗe yana damuna, ba don musu ba. Ko da an ajiye zancen aƙida gefe, tambayar tana nan daram, saboda sanadi.

A 1814 wani masanin lissafi Bafaranshe, Laplas, ya ce a ƙaddara akwai wani hankali da ya san inda kowace ƙwayar zarra take a duniya da irin ƙarfin da ke motsa ta, to da lissafi kaɗai zai san duk abin da ya wuce da duk abin da zai zo. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam kuwa da waɗannan ƙwayoyin aka gina ta. Ƙanen Nura bai zaɓi jinin da ya gada ba, bai zaɓi irin zuciyar da aka haife shi da ita ba, bai zaɓi abokin da ya zauna kusa da shi ranar da aka fara miƙa masa ƙwaya ba. Kowane mataki akwai wanda ya haife shi. To a ina ne cikin wannan sarƙar wani abu mai suna zaɓi ya shigo daga waje?

Malam ya ce muna jin bambanci tsakanin makyarkyata da motsin ganin dama. Gaskiya ne muna ji. Amma masanin falsafa Sifinoza ya ba da misali a wata wasiƙa a 1674, ya ce da dutsen da aka jefa sama yana da tunani, da sai ya ɗauka shi ne ya ga damar tafiya, don ya san yana tafiya amma bai san hannun da ya jefa shi ba. Kuma an gwada abin. A 1983 masanin ƙwaƙwalwa Benjamin Libet a Amurka ya sa wa mutane na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, ya ce su motsa hannu duk sanda suka ga dama, su kuma lura da agogo su faɗi lokacin da suka ji niyyar ta zo musu. Ya tarar ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin sakan kafin motsin, alhali shi mutumin bai ji niyyar ba sai saura kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Wato an riga an yanke hukunci a ciki, daga baya ne ake sanar da kai.

Dakta Maryam

Sadiƙ, wannan gwajin na Libet ana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Me aka ce mutanen su yi? Su motsa hannu ba don komai ba, babu riba babu asara, babu dalilin fifita wannan sakan a kan wancan. Wannan ba shi da kama da mutumin da ya kwana yana tunanin ko ya saki matarsa ko ya haƙura. Sannan a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da ake ɗauka shiri ne yana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, in ya zo ya haura wani mizani sai mutum ya motsa. Don haka kada mu gina gida a kan wannan.

Amma akwai abin da ya fi shi nauyi a wurina, kuma yana goyon bayanka ta wani gefen. A 2003 likitoci biyu a Amurka suka wallafa labarin wani malamin makaranta ɗan shekara 40, wanda ba a taɓa saninsa da wani mugun hali ba, kwatsam ya fara mummunar sha'awa ga ƙananan yara har aka gurfanar da shi. Ciwon kai ya kai shi asibiti, aka tarar da ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa, sama da kwarmin ido na dama. Aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake tafiya. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Nura, ga abin da ke faruwa da ƙanenka gwargwadon abin da muka sani. Ƙwaya tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, wanda ke da alaƙa da jin daɗi da marmari, fiye da yadda duk wani jin daɗi na yau da kullum zai sa. Da yau da gobe sai ƙwaƙwalwar ta rage jin sa, har ya zama ba don daɗi yake sha ba, don ya tsira daga azabar rashinta ne. Ɓangaren gaba kuwa, wanda shi ne birkin mutum, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi kuma ya fara yana ɗan 20. Saboda haka kukan da ya ce yana yi a hanya, ni na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Sai dai birki mai rauni daban, motar da ba ta da birki daban. Lokacin yaƙin Biyetnam kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da hodar heroyin a can. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida, ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Jikin bai canza ba. Wurin ne ya canza, da abokai, da abin da mutum zai rasa in ya koma.

Barista Usman

Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren shari'a shi ne, kotu ba ta taɓa zama ta jira masana falsafa su gama ba. Abin da take tambaya ƙarami ne: shin ya san abin da yake yi, kuma ya san ba daidai ba ne? Wannan ma'aunin ya samo asali ne daga Ingila a 1843, bayan wani mai taɓin hankali, Daniel M'Naghten, ya harbe sakataren Firaminista Robert Peel aka kuma ƙi kama shi da laifi saboda hauka. Tun kafin nan da ƙarnoni hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Ka ga ba a ce an ɗauke daga duk wanda aikinsa ke da sanadi ba, don da haka ne da babu wanda zai saura.

Maganar Sadiƙ an taɓa kai ta gaban alƙali. A 1924 a Shikago, samari biyu 'ya'yan masu kuɗi, Leopold da Loeb, suka kashe yaro ɗan shekara 14 don kawai su gwada ko za su iya kisa su tsira ba a kama su ba. Lauyansu Clarence Darrow ya shafe sa'o'i yana cewa gado da tarbiyya ne suka ƙera su haka. Ya tsirar da su daga igiya, amma bai fitar da su daga kurkuku ba, ɗaurin rai da rai aka yi musu. Sanadi yana sassauta hukunci, bai cika goge shi ba.

Dalilin hukuncin kansa ma an rabu a kai. Masanin falsafa Kant na Jamus yana ganin ana hukunta mai laifi ne don ya cancanta, kuma cewa "ya kamata ka yi" ba ta da ma'ana sai in "za ka iya yi" tana nan. Bentham na Ingila da masu bin sa suka ce hukunci shi kansa cuta ne, ba ya halatta sai in zai hana wata cutar da ta fi shi. A ra'ayi na biyun, ko da Laplas ya yi gaskiya za a ci gaba da hukunci, don shi ma hukuncin sanadi ne da ke shiga cikin sarƙar ya juya ta. Game da mashayi kuwa, Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya daɗe da ba da amsa: wanda ya saki dutse ba zai iya dawo da shi ba, amma sakin a hannunsa yake.

Sadiƙ

Barista, to ai nan ne gizo ke saƙa. Sakin farkon ma me ya jawo shi? Yaro ɗan 20 wanda Dakta ta ce birkinsa bai gama nuna ba. In aka ce laifin yau ya rataya a kan zaɓin shekara huɗu da suka wuce, shi kuma wancan a kan me ya rataya? Haka za mu yi ta ja da baya har mu kai ranar da aka haife shi.

Kuma kafin wani ya kawo, na san kimiyyar zamani ta nuna a can cikin ƙwayar zarra akwai abubuwan da ba a iya hasashensu, tun bayan aikin masanin kimiyya Heisenberg a 1927. Wannan bai cece mu ba. In aikina ya fito daga abin da ya faɗo haka kawai babu dalili, ai ya ƙara nisa da zama nawa.

Hajiya Rabi

Ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma na raini yara bakwai, ɗaya ya taɓa shiga irin wannan halin. Nura ɗana, abu biyu na gani a labarinka da ban ga an taɓo ba.

Na farko, bai ɗauki wayar nan tana zaune tana kallonsa ba. Jira ya yi sai da ta ta da kabbara, ya san ba za ta juyo ba. Wanda ya iya jiran lokaci, ya san inda ake ajiye abu, ya san wanda zai kai wa, ba ruwa ba ne da ke bin gangare. Akwai mutum a ciki yana lissafi. Kuma ka gwada wannan: da wani ne ya sace masa nasa abin ya ce masa ƙaddara ce, zai karɓa? Ba zai karɓa ba. To kada ka karɓa masa.

Na biyu, ya ce yana tafiya yana kuka. Wa ke kukan? Wanda ke son ƙwayar ba shi ne mai kuka ba. Akwai wani a cikinsa da bai yarda ba, kuma shi ne ƙanenka na gaskiya. Lokacin da nawa yake ciki, 'yan'uwa suka kasu biyu, masu cewa a kore shi da masu cewa a ƙyale shi ba laifinsa ba ne. Daga baya da ya warke shi da bakinsa ya ce min, "Mama, waɗanda suka daina yi min faɗa sun fi ƙona min rai, don na san sun cire ni daga lissafin mutane."

Sannan kai ma, hannunka da ya tashi da fushi ya tsaya a sama, wa ya tsai da shi?

Malam Habibu

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan mai kukan shi ne Alƙur'ani ya rantse da shi a farkon Suratul Ƙiyama, rai mai yawan zargin kansa. Muddin yana raye a cikin mutum ba a yanke ƙauna.

Sadiƙ

Hajiya, kin faɗi abin da manyan masana suka cika takardu a kansa. A 1971 Harry Frankfurt ya kawo misalin mashaya biyu, jarabarsu ɗaya, amma ɗaya yana ƙin jarabar tasa yana fatan ta mutu, ɗayan bai damu ba. Ya ce abin da ya bambanta mutum da dabba shi ne yana da buri a kan burinsa, 'yanci kuma shi ne abin da ke motsa ka ya dace da abin da kake so ya motsa ka. Maganar ɗanki kuwa ita ce ta Peter Strawson a 1962, cewa jin haushin mutum da yafe masa duk alamar kana ɗaukarsa abokin zama ne, ranar da ka koma kallonsa a matsayin abin da za a lallaɓa kawai, ka fitar da shi daga cikinmu.

Ba zan ce na sauka gaba ɗaya ba. Waɗannan duk suna bin sawun masanin falsafa Hyum ne, wanda tun 1748 ya ce 'yanci ba rashin sanadi ba ne, rashin tilas ne. Har yanzu ina ganin sun sauya ma'anar kalmar ne don ta shiga. Tambayar ko da zai iya yin wani abu daban a wannan asubar, komai da komai yana yadda yake, ba su amsa min ita ba. Amma na yarda ba wannan amsar Nura yake buƙata kafin ya shiga ɗakin ƙanensa ba. Abin da ra'ayina ya bar min shi ne ba na iya raina mai laifi, don ban san abin da zan zama ba da ni aka ba jininsa da shekarunsa da abokansa.

Ibrahim

Na janye maganata ta farko. Allah ya sa a dace.

Nura

Na gode muku ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya min.

Jiya bayan isha na shiga wurinsa, na same shi kwance yana kallon bango. Na ce masa na yarda yana shan wahala, na yarda da kukan, amma ban yarda ƙaddara ce ta jira Umma ta ta da sallah ba. Na ce zai biya wayar da guminsa ko da zai shekara yana biya, kuma shi zai je ya durƙusa ya faɗa mata da bakinsa, ba ni ba. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai tanka ba. Can sai ya tashi zaune ya ce zai je, amma in raka shi in tsaya a bakin ƙofa. Ya kuma roƙe ni abu ɗaya da ban zata ba: duk kuɗin da ya samu daga yanzu in riƙa karɓa ina ajiye masa, ko ya zo yana rantse-rantse yana zagina kada in ba shi, don ya san wanda zai zo neman kuɗin ba shi ba ne.

Dakta, tambaya gare ki. Tun shekaranjiya bai sha komai ba, yanzu gumi yake ta yi, hannunsa na rawa, ya ce ƙasusuwansa kamar ana sara. Mu jira zuwa Litinin ko in kai shi yau?

Dakta Maryam

Kai shi yau, kada ka jira. Wasu ƙwayoyin in aka yanke su lokaci ɗaya suna iya jawo farfaɗiya, dole likita ya san ainihin abin da yake sha da yawansa kafin a tsara yadda za a janye. Ka tambaye shi sunayensu a hanya ka rubuta, in akwai ragowar kwalin ko sacet ɗin ka tafi da shi. Kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren nan.